Indararon Baba Ya Sake Zuba

Zuwa ga Yayana, babban gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Antinmu da yara baki ɗaya. Ya aiki, ya fama da jama'a, ya kuma zaman nesa da gida? Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya yi wa nemanka albarka, Ya raya mana zuri'a, Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa. Mu ma nan duk lafiya lau muke, sai godiyar Allah, sai kuma kewarka da ba ta ƙarewa.

Inna tana nan da sauƙi. Gwiwar nan ta lafa mata tun da likita ya sauya mata magani, har tana takawa zuwa gidan maƙwabta ba tare da sanda ba, sai dai har yanzu in an rage mata gishiri sai ta ce mun haɗa baki da asibiti. Maigidana an ƙara masa girma a wurin aiki, tumbi ma ya ƙaru. Babbar 'yata ta shiga makarantar koyon aikin jinya, yanzu kowa a gidan nan sai an auna masa jini ko bai tambaya ba. Ɗana Dogo kuwa ya kere ubansa tsawo, takalmin da ka aiko masa bara ƙaninsa ne ke ja. Ni ma ina nan ina fama da 'yan ajina, muryata ta kusa ƙarewa amma su ko gezau.

To Yaya, na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna a wannan zamani da kowa ke da waya a aljihu. Tun ranar da matar mai hoto, ɗan hayarmu, ta tura maka bidiyon ma'aikata a kan rufin shagunan Baba riƙe da guduma, ka daina ɗaukar kirana. Ina kallon wayar tana ƙara har ta gaji ta katse. Ko da ma kana ɗauka, kai mutum ne da ba ka bari a kai aya, tun muna yara kafin in buɗe baki ka riga ka yanke hukunci. Takarda kuwa ba a katse ta. In ka ga dama ka daka mata tsawa, ba za ta yi shiru ba. Don haka ka nemi wuri ka zauna, yau kam sai ka ji ni har ƙarshe.

Bari in fara da ginin, don ka gan shi yadda yake a yanzu, ba yadda ka bar shi ba. Shaguna biyar ne a jere suna kallon titi. Mai aski ne a farko, mai kyamis na biye da shi, Baffa ƙanin Baba yana tsakiya da agogunan da yake gyarawa, sai mai gyaran waya, sai mai hoto a ƙarshe. A samansu duka shimfiɗaɗɗen rufin kankare ne guda ɗaya, wanda Baba ya zuba da hannunsa lokacin kana ɗan makaranta ni kuma ina goye. Tun da Baba ya rasu kai kuma ka yi nisa, dokarka ɗaya ce: kada a taɓa rufin Baba, in ya yi yoyo a yi masa faci, sauran magana sai ka zo. Na bi dokar nan shekara da shekaru. Duk gabatowar damina sai in aika lebura da buhun siminti da garwar kwalta, ya hau ya sauko ya ce an gama. Ni ban taɓa hawa ba, domin matakalar baya ta zama rumbun tarkacen 'yan haya, tsani ake kafawa, ni kuwa ka san tsakanina da tsani sai kallo.

Wata safiya a ƙarshen daminar bara, Baffa ya fito ƙofar shago don ya duba cikin wani agogo a hasken rana, ka san idon nasa ya fara ja da baya. Yana tsaye sai aka ji rim a bayansa. Wani ɓangaren kankare mai girman matashin kai ne ya ɓallo daga sama, ya sauka daidai kan kujerarsa, kujerar katakon nan da yake zama a kai tun kafin a haife ni. Ta rabe biyu. Mai aski ne ya kira ni. Da na iso na tarar da mutane cirko-cirko a bakin shagon, Baffa kuwa yana durƙushe yana tsintar 'yan ƙananan kusoshin agogo cikin ɓaraguzai, wai na mutane ne, amana ce. Na ɗaga kai na ga rodi a fili, ya yi ja da tsatsa, ya kumbura, in ka taɓa shi da farce sai ya marmashe. Na koma bakin dakali na zauna.

Sai da hankalina ya dawo jikina na lura da shagon da kyau, abin da na gani kuwa ya fi faɗowar kankaren ɓata mini rai. Ashe Baffa ya daɗe yana aiki a ƙarƙashin lema. Ya ɗaure ta da waya a jikin bango ta rufe teburinsa, ga bokitai da kwanoni a jere bayan kantar shagon inda mai shigowa ba zai gani ba, agogunan mutane kuma duk ya naɗe su a leda ya zuba a gwangwanayen madara don kada danshi ya ci su. Duk sanda na biya gaishe shi a ƙofa yake tarbata, ni kuma ina ɗauka karamci ne. Na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce ya ji an ce kai ka hana a taɓa rufin, kuma shi ɗan'uwansa ne ya zaunar da shi a shagon nan don zumunci, ba zai zama shi ne mai fara kushe aikin marigayi ba. Ka ji fa. Tsoho yana zaune a ƙarƙashin ajali saboda kunyar mamaci da kunyarka.

Ka tuna na kira ka a ranar, ka kuma tuna abin da ka ce. Ka yi jaje, ka yi addu'a, wannan ba zan rage maka ba. Amma da na kawo maganar sauya rufi sai muryarka ta canza. Ka ce a shafe wurin da siminti ta ƙasa, a ƙara kwalta ta sama, rufin nan shi ne abin da ya rage mana wanda hannun Baba ya taɓa, kai da kanka ka ɗebi ruwa a bokiti ranar da aka zuba shi, kada kowa ya kai masa guduma sai ka zo. Na tambaye ka yaushe, ka ce in Allah Ya yarda. Ni ma na yarda da Allah, Yaya, amma wannan sai-na-zo ɗin naka da yaro ne da yanzu ya isa aure. Na ajiye wayar, a raina kuwa na riga na gama magana: ba zan sake mayar da Baffa ƙarƙashin abin nan ba, ko da za ka yi fushi da ni.

Washegari na sa aka kwashe tarkacen matakala, karyayyun kujerun mai aski da kwalayen mai kyamis da wata tsohuwar firij da kowa ya ce ba tasa ba ce, na hau da ƙafata. Kai da ke tuna rufin Baba sumul yadda ka san shi, da ka ga abin da na gani da ka riƙe baki. Tudu da kwari ne kamar gonar da aka yi wa huɗa aka watsar. Saman kowane shago akwai tudunsa na siminti da kwalta, wani ya fi wani tsawo. A tsakiya kuma, daidai kan shagon Baffa, tafki ne sosai, koren ruwa kwance har da 'yan kwaɗi suna iyo, ga wata 'yar bishiya ta tsiro a kusurwa ta cusa saiwa cikin tsaga. An kwana biyu rabon da a yi ruwan sama, amma shi wannan yana nan daram, ba shi da hanyar fita.

Da na tara 'yan haya na tsare su da tambaya, sai gaskiya ta fara fitowa da kaɗan-kaɗan. Ashe ban da facin da kake sa ni in yi, kowannensu yana da nasa na sirri. Mai gyaran waya in ya ga ɗigo a silin ɗinsa sai ya sa a hau a ɗora siminti a samansa, ruwan ya gangara kan mai hoto. Mai hoto ya ga haka, shi ma ya ɗora nasa ya ɗara na maƙwabcinsa, ruwan ya komo. Haka suka yi ta tsere, kowa na ɗaga nasa yana tura wa na kusa, da safe kuma su gaisa su tambayi lafiyar iyali. Baffa ne kaɗai bai taɓa ɗora ko cokali ɗaya ba, ga tsufa ga kunya, don haka ruwan kowa a kansa yake kwana. Babban abin haushin kuma shi ne indararon tsakiya, wanda kake wanka a ƙarƙashinsa kana yaro har Inna ta biyo ka da tsumagiya. Ba a jima da rasuwar Baba ba mai kyamis ya kafa dogon allon tallarsa mai fitila, wanda ya miƙe har saman ƙofar Baffa, sai ya ga ruwan indararon yana ɓata masa rubutu. Shi ke nan ya sa aka cusa buhun siminti a bakinsa aka shafe. Na tambaye shi to ina ya zata ruwan zai bi, ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya ga ya daina zuba.

Ban yi gaban kaina ba, kada ka ce Auta ta hau dokin zuciya. Na nemo injiniya ta hannun maigidana, ta zo da 'yar gudumarta ta bi rufin tana ƙwanƙwasawa tana saurare kamar mai zaɓen kankana. Na kuma nemo magini, wani dattijo da ake ce wa Sai-an-gani, domin ko ka tambaye shi zai gyaru, ko yaushe za a gama, amsarsa ke nan, ina jin ko lafiyar iyali ka tambaya haka zai ce. Su biyun bakinsu ya zo ɗaya. Suka ce facin da aka yi ta jibgawa ya ɗora wa rufin nauyin da ba don shi aka yi shi ba, ƙarin kwalta ko siminti a yanzu ƙara wa mara lafiya kaya ne, dole a kwashe komai har a kai ga asalin kankaren, sannan a san abin da zai tsira. Na kai wa Inna maganar. Ta ce ita ba za ta shiga tsakanin 'ya'yanta ba, amma in wani abu ya sami ƙanin mijinta ba ta san da wane ido za ta kalli mijin nata gobe ƙiyama ba. Ni kuwa wannan ya ishe ni izini.

Da rani ya kankama aka fara. Aka mayar da Baffa wani lungu a shagon mai aski, aka tokare rufin da ƙarafa ta ciki, ma'aikata suka hau da guduma da diga da shebur. Wannan shi ne bidiyon da aka tura maka, kuma da mai turawar ta ƙara haƙuri ta ɗauki abin da ya biyo baya, da ba mu kai ga haka ba. Faci ya yi ta tashi hawa-hawa, kwalta, siminti, leda, wani simintin, har da tsohon buhu da fallen kwano da wani ya binne. Motar kwasar ɓaraguzai ta yi ta zarya har direban ya tambaya ko bene muka rushe. Wata rana da hantsi Sai-an-gani ya aiko a kira ni. Na hau na tarar sun share wuri fes, ga wani kankare mai ruwan toka a ƙasa, sumul, har sawun katakon da aka lailaye shi da shi yana nan. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa a can ƙarshen rufin, ya ce in kalla. Yaya, ruwan nan bai yi shawara da kowa ba, ya miƙe sak zuwa tsakiya, ya karkata gaba, ya tsaya a bakin indararon da aka toshe kamar wanda ya dawo gidansu ya tarar an kulle. Ya sake zubawa ta ɗaya ƙarshen, haka aka yi. Dattijon nan da bai taɓa ba ni amsa ba ya ce to yanzu an gani, wanda ya zuba rufin nan ya san hanyar ruwa.

Ka gane abin da nake faɗa maka? Abin da ka yi shekaru kana karewa daga guduma ba aikin Baba ba ne, facin mai waya ne da na mai hoto da na leburana. Aikin Baba yana can ƙasa an binne shi da rai, gudumar da ka gani a bidiyo tono shi take yi.

Amma ba zan yi maka ƙarya in ce komai ya tsira ba. Saman shaguna huɗu lafiya lau, injiniya ta ce in an kula da shi zai ga jikokinmu. Na saman Baffa kuwa, inda ruwa ya yi shekaru yana kwana, ya riga ya mutu, rodin ciki ya zama gari, babu makawa sai an fasa shi an zuba sabo. A nan ne na ji abin da kake ji. Na tsaya ina kallon wurin na kasa cewa a fara. Sai ga Baffa an riƙo shi ya hawo matakala, yana hawa yana hutawa. Ya zagaya ya duba, ya durƙusa ya shafa kankaren da tafin hannunsa. Ya ce shi ya riƙe wa yayansa igiya ranar da ake fitar da gangarar nan, kuma ya tuna yayan nasa yana faɗa wa leburori su yi aiki da tsoron Allah, mutane ne za su zauna a ƙasa. Ya ce mutumin da ya faɗi haka ba zai so a bar kankarensa ya kashe wani don ana jin kunyarsa ba, shi ma da ya yi shiru bai kyauta wa marigayi ba. Ya karɓi guduma a hannun lebura, da ƙyar ya ɗaga ta, ya ɗan buga, ko ƙwarzane bai yi ba, ya miƙa musu ya ce su ci gaba. Na juya baya na yi kukana son raina, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Daga nan aiki ya tafi ba tsayawa. Kafinta ya kafa katako ta ƙasa, aka ɗaura sabon rodi aka sarƙe shi da na gefe mai lafiya, aka zuba kankare. Sai-an-gani ya ja igiya daga tsohon wannan gefe zuwa tsohon wancan, don sabon ya bi gangarar Baba ba ƙari ba ragi. Aka rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ana ba shi ruwa safe da yamma har ya yi ƙwari, ni ce ma na zama mai gadin ban-ruwan, in na taso daga makaranta nan nake fara biyawa da alli a hannun riga. Bayan ya bushe aka shimfiɗa wa rufin gaba ɗaya wata irin tabarmar kwalta mai zuwa a naɗe, ana gasa ta da wutar gas tana mannewa, kowane falle ya hau kan ɗan'uwansa, gefenta kuma aka ɗaga shi ya haye jikin katangar rufin yadda ruwa ba zai sami ƙofar shiga ba. Aka fasa bakin indararo aka zaro buhun mai kyamis, ya zama dutse. Allon tallar ma an rage masa tsawo, ya koma daidai faɗin shagon mai shi. 'Yan haya sun sha ƙura da ƙara, mai hoto ya yi ta mita wai kwastomominsa suna fitowa a hoto da furfura, amma da yake kowa ya san abin da ya binne a can sama, mitar ba ta yi nisa ba.

Kafin a sallami ma'aikata, injiniya ta ce sai an gwada. Gwajin kuwa shi ne a toshe indararo da gangan, a cika rufin da ruwa, a bar shi ya kwana ya wuni a ga ko zai sami hanya. Da aka zo neman wanda zai toshe, mai aski ya ce ai muna da gwani a gida, kowa ya juya ya kalli mai kyamis, aka yi ta dariya har da shi. Shi ɗin kuwa ya naɗe hannun riga ya hau ya toshe da tsumma. Motar ruwa ta zo ta juye, rufi ya zama tafki karo na ƙarshe. Baffa ya ƙi jiran sakamako a waje. Ya sa aka mayar masa da teburinsa, ya zauna a sabuwar kujerar da maigidana ya kawo masa, ya buɗe cikin wani agogo a fili, ba lema ba leda, ya ce in akwai ɗigo ɗaya shi zai fara sani. Babu kuwa, silin ya kwana a bushe ƙarau ya wuni a bushe. Ruwan ma ba a yi asararsa ba, an zuƙe shi da tiyo an wanke shagunan tas, sannan aka zare tsumman.

Yanzu an sa wa matakala ƙofar ƙarfe da makulli, na kuma faɗa wa 'yan haya duk wanda na sake gani da cokalin siminti a sama ya fara haɗa kayansa. Wanda ya ga ɗigo ya zo ya faɗa da baki. Rodin nan da Baba ya bari a tsaye a kan ginshiƙai don benen da yake burin ɗorawa, ban yanke ko ɗaya ba. An goge su, an shafa musu maganin tsatsa, an yi musu hula da siminti, suna nan suna jiran ka. Wannan maganar taka ce, ba zan sa baki ba sai in ka tambaye ni.

Ban rubuto don in ba da haƙuri a kan rufi ba, Yaya. In na ce na yi nadama ƙarya nake, da kuma za a maimaita haka zan sake yi. Abin da ke damuna shirunka ne. Na san ba taurin kai kaɗai ba ne, ko da yake kana da shi buhu-buhu. Kai ba ka samu ganin Baba a kwanakinsa na ƙarshe ba, hanya ta yi maka nisa, sai ka riƙe rufin nan a maimakonsa. Na fahimta, ban kuma taɓa ganin laifinka a kan wannan ba. Amma Inna kullum in na shiga gaishe ta sai ta tambaye ni ko mun yi waya, ni kuma na gaji da cewa layi ne ba kyau. Ta san ƙarya nake, tunda ita kana kiranta. Jiya ta ce mu biyu kaɗai Allah Ya bar mata, ba ta son ta tafi ta bar mu ba ma magana. Ni ba ni da wani yaya sai kai, ban kuma shirya rasa ka a kan siminti ba.

Mai kawo maka takardar nan, ƙanin maigidana, zai ba ka wani ƙunshi. Ya yi ta ƙorafi wai tun da yake bai taɓa ganin wadda ta aika wa ɗan'uwanta duwatsu ba. Guda biyu ne, kowanne bai fi tafin hannu faɗi ba, ni na sa aka yanka. Siririn mai ruwan toka daga kankaren Baba ne na saman shagon Baffa, na ajiye maka tun ranar da aka fasa, don na san za ka so ka riƙe wani abu nasa. Mai kaurin, mai hawa-hawa baƙi da fari, facin da aka ɗauke daga saman shagon mai gyaran waya ne. Ka ɗauki ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, ka ji da kanka abin da rufin Baba ya yi shekaru yana ɗauke da shi bai ce uffan ba.

Ka gaishe mini da Antinmu da kyau, ka ce ina godiya da turaren da ta aiko, kuma na san da da ita ake shawara da tuni ka ɗauki waya. Ka gaishe da babban ɗanka Likita, Allah Ya sa sunan ya bi shi, da 'yar lelenka Mai-kuka wadda na ji an ce yanzu ta tuba, da ƙaramin da har yau a hoto kaɗai na san shi. Inna tana sa muku albarka. Baffa yana gaishe ka, ya ce ka kwantar da hankalinka, kansa a rufe yake. Maigidana da Dogo da 'yan'uwansa duk suna gaisuwa, haka ma mai aski, har da mai kyamis da ya ce a roƙa masa gafara.

Saura abu ɗaya. Shekaranjiya da la'asar aka yi ruwan farko, ina shagon Baffa. Hadari ya haɗo, iska ta taso, muka tsaya a bakin ƙofa ni da shi. Da farko shiru, can sai muka ji motsi a sama, sai indararon ya ɓarke, ruwa ya zubo da kaurinsa ya daki dutsen nan da ya lotsa a bakin kwata, daidai inda kake tsayawa da gajeren wando kana ihu. Baffa ya cire gilashin aikinsa, ya ce rabonsa da jin wannan ƙara tun shekarar da yayansa ya rasu. Ni kuwa na zaro waya na kira ka, na miƙa hannu cikin feshin don ka ji. Ta yi ta ƙara har ta katse. Damina yanzu ta fara, Yaya, ruwa na gaba da yawa, duk ranar da aka yi kuma zan je ƙofar shagon nan in kira ka. Ka ɗauka. Ba sai ka ce mini komai ba, ni ma ba zan yi magana ba, ka kuwa san wannan ba ƙaramin alkawari ba ne a wurina. Ka saurara kawai, ka ji rufin Baba yana aikinsa.

Na bar ka cikin amincin Allah.

Ƙanwarka mai taurin kai irin naka,
Auta